Gem ɗin da sun fi na yanzu, ko kewar ƙuruciya ce ke ruɗar mu?

Kawu_Sega: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da magana na zo, kuma na san za a yi min ca. Ni a wajena gem ɗin da, na zamanin kaset, tun daga Nintendo da Sega har zuwa PlayStation na farko mai faifai, sun fi na yanzu daɗin bugawa nesa ba kusa ba. Ka zura kaset, ka kunna, wasa ya fara. Babu data, babu buɗe akawun, babu wanda zai ce ka sayi riga ko bindiga da kuɗin aljihunka. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Amma don Allah ban da "hotonsu bai fita ba", wannan kowa ya sani.

Auta_2004: Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka da komai, ban yarda ba. Saboda yadda kuke zuzuta Contra a gidan nan na sauke shi a waya. Harsashi ɗaya ya taɓa ka, ka mutu. Rai uku kacal. Ko ƙarshen matakin farko ban gani ba. Wannan wasa ne ko horo?

Dan_Fagge: Auta, a waya fa ka ce. Gilashi kake shafawa, ina za ka iya? Contra na mai hannu ne, wanda babban yatsa zai ji maɓalli. Sannan ba wanda ya faɗa maka sirrin ne? Kafin ka fara: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai Start. Rai 30 ke nan. In ku biyu ne ka danna Select kafin Start.

Injiniya_Zariya: Dan_Fagge, wannan sirrin da ka kawo ai hujjar Auta ce, ba ta Kawu ba. Wanda ya ƙirƙire shi ma'aikacin Konami ne, kamfanin da ya yi Contra, sunansa Kazuhisa Hashimoto, lokacin da yake mayar da wani wasansu mai suna Gradius zuwa na'urar gida a 1986. Wasan ya yi masa wuya wajen gwaji, sai ya saka wa kansa hanyar samun sauƙi, aka fitar da kaset ɗin ba a cire ba. To in mai ɗinkin ma ya sha wuya, ina ga mai saye?

Kuma wuyar nan ba kawai gwaninta ake nema da ita ba. Yawancin wasannin nan daga injinan jefa kwabo suka samo asali, inda ribar mai shago ita ce ka mutu da wuri ka sake jefa kuɗi. Da aka kawo su gida sai dabarar ta biyo su, ga kuma wani dalili: kaset ba ya ɗaukar abu da yawa. Contra matakai takwas ne, wanda ya iya zai gama shi cikin rabin awa. In ba a cusa masa wuya ba, yaro zai cinye shi ranar da aka sayo, uba ya ce an cuce shi.

Kawu_Sega: Injiniya, na ji. Amma wuyar ce ta sa in ka ci ka san ka ci. Yanzu fa? Kibiya na nuna maka inda za ka bi, ka faɗi rami a tashe ka a bakin ramin.

Injiniya_Zariya: Akwai wuya ta adalci, akwai ta mugunta, Kawu. A Ghosts 'n Goblins za ka sha baƙar wahala ka kai ƙarshe, sai a ce maka duk abin da ka yi ruɗu ne, koma farko ka sake, kuma zagaye na biyu ya fi zafi. A Ninja Gaiden in babban ogan ƙarshe ya kashe ka, can farkon babi na shida ake wurga ka. Wannan ba koyar da haƙuri ba ne, jan rai ne.

Maman_Ilham: Ku maza kuna ta maganar wuya, mu mata ko hannun ma samu muke yi? Yayyena hannu na biyu suke ba ni, su ce ni ce Luigi, in jira Mario ya mutu. Babban Yayanmu kuwa ba ya mutuwa sai an kira magariba. Amma zan goyi bayan Kawu a abu ɗaya. Maɓalli biyu ne da na juyawa, shi ke nan. Har Innarmu takan karɓi bindigar nan ta harbi agwagwa, in ta kuskure karen nan ya leƙo daga cikin ciyawa yana dariya, ta ce "ji ɗan banza." Yau ka miƙa mata hannun PlayStation 5 ka ga ko za ta san ta ina za ta riƙe.

Dan_Fagge: Hajiya, kin san kuwa a Duck Hunt, a zaɓin agwagwa ɗaya, mai riƙe da hannun gem yana iya sarrafa agwagwar? Da kin rama a kan Yayan naku.

Maman_Ilham: Kai! Sai yanzu ake faɗa min?

Bakatsine_77: Bari in ɗan tsikari kowa. Mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu suka taɓa Nintendo na asali? Abin da ya cika gidajenmu kwafi ne. Wani an rubuta masa Terminator, wani an yi masa siffar PlayStation an rubuta PolyStation, ka buɗe murfin da kake zaton na faifai ne ka tarar da ramin kaset. Ga kaset ɗin nan ruwan ɗorawa mai "9999999 in 1". Ka yi ta gangarawa: Mario, Tank, Circus, Duck Hunt, sai kuma Mario wanda ya fara daga mataki na uku, sai Tank mai wani launi. In ka ƙirga na gaske da kyar su cika goma. Amma wallahi Tank ɗin nan kaɗai ya biya kuɗin. Ni da ƙanena, ɗaya ya tsare gaggafa, ɗaya ya fita farauta. In faɗa ya haɗa mu sai ɗaya ya juya ya harbe gaggafar da kansa, kowa ya rasa.

Injiniya_Zariya: Sunansa na asali Battle City, na kamfanin Namco, 1985. Wanda ya fi yawo a wajenmu, Tank 1990, gyararren kwafinsa ne. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a Rasha ma kwafin na'urar suka tashi da shi, Dendy suke ce masa. Asalin na'urar ta Nintendo, Famicom, ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Wato lokacin da muke murnar sabon abu ya zo, masu shi sun daɗe da wucewa gaba.

Dan_Damagaram: Salamu alaikum. Mu nan Nijar wata matsala muka sha wadda ku ba ku sani ba. Tele ɗinmu na da tsarin Faransa gare su, SECAM, ku kuma Najeriya PAL. Sai a sayo maka gem daga Kano, ka jona, hoto ya fito fari da baƙi, wani lokacin sauti ma sai shuu. Na daɗe ban san hular Mario ja ba ce. Sai da tele masu karɓar kowane tsari suka yawaita muka huta. In kuran, wato wutar lantarki, ya tafi kuwa, kai da inda ka kai sai a lahira.

Auta_2004: Yauwa, ga abin da nake son in tambaya. Da gaske babu sebin, wato ajiye inda ka tsaya? In aka ɗauke wuta fa?

Bakatsine_77: Sai ka ce innalillahi ka koma farko. Super Mario Bros. 3 duniya takwas ne, babu sebin. Sonic na farko ma haka. Shi ya sa muke barin gem a kunne mu kashe talabijin kawai mu tafi makarantar allo. Ka dawo ka tarar adafta ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ko an ɗauke wuta, ko wani ya yi tuntuɓe da waya.

Injiniya_Zariya: Akwai masu sebin, amma kaɗan. The Legend of Zelda da ya fita Amurka a 1987 da ɗan batiri a cikin kaset ɗinsa, shi ke riƙe inda ka tsaya. Wasu kuma dogon rubutun sirri suke ba ka, ka kwafa a bayan littafin lissafi, in ka rikita sifili da harafin O ka tashi a tutar babu. Ko Mario na farko yana da ɗan taimako: in rayukanka suka ƙare, ka riƙe A ka danna Start, zai mayar da kai farkon duniyar da ka mutu a ciki.

Kawu_Sega: To ai ga shi kuna ta ba ni gaskiya ba ku sani ba. Dubi yadda kowa ke tuna abin dalla-dalla bayan shekaru talatin. Wa zai tuna gem ɗin wayar da ya buga bara?

Malama_Hadiza: Kawu, a nan ne zan saɓa maka. Muna tunawa ne saboda shi kaɗai muke da shi. Yaron da ke da kaset ɗaya tak dole ya haddace shi. Sannan masu kyau ne suka rayu har muke ambaton su, tarkacen an manta da su, kuma tarkacen sun fi yawa. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, babban dalili shi ne an cika shaguna da wasannin banza har mutane suka daina yarda. Kamfanin Atari ya ba mutum ɗaya kusan mako biyar ya haɗa wasan E.T. don ya riski cinikin ƙarshen shekarar 1982, abin bai karɓu ba, har ta kai ga kamfanin ya binne tulin kaset a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. An daɗe ana cewa almara ce, sai da aka tono su a 2014. Da Nintendo ta zo, sai ta sa makulli a cikin na'urarta mai hana kaset marar izini tashi, ta kuma taƙaita wa kamfanoni wasa biyar a shekara. Duk da haka an yi shirme da yawa.

Dan_Fagge: Malama ta zo da darasi. Amma ki yarda da abu ɗaya: da, in wasa ya fito to ya fito. Yanzu a sayar maka da rabin wasa, ka kai gida a ce sai ka sauke gyara mai gigabait hamsin. Da wace datar?

Malama_Hadiza: Gaskiya ne, amma da in kuskure ya fito shi ma ya zauna ke nan har abada. Battletoads na 1991, a bugun Amurka, in ku biyu kuke yi, akwai mataki can gaba, na 11, da na biyun ba ya iya motsi sam. Wato mutum biyu ba za su taɓa gama shi tare ba. An daɗe ba a damu ba saboda kusan kowa a mataki na uku yake ƙarewa, wajen tseren baburan nan.

Injiniya_Zariya: Tunda na soki tsofaffin da yawa, bari in faɗi inda na sara musu. Super Mario Bros. gaba ɗayansa kilobait 40 ne. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Ƙwaƙwalwar aikin na'urar kilobait 2 ce. Saboda wannan ƙuncin dole kowane abu ya yi aiki biyu. Ku duba gajimaren sama da ɗan kurmin da ke ƙasa, zane ɗaya ne, launi kawai aka canja. Hular Mario da gashin bakinsa ma dabara ce, tun a Donkey Kong, don an rasa wurin zana gashi da baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin farko. Ba rubutu ko ɗaya. An ajiye ka a hagu, fili na dama, ka san can za ka nufa. Ga wani ɗan abu yana tahowa, ka taɓa shi ka mutu, ka koyi tsalle. Kana tsalle ka bugi akwatin da ke sama, naman kaza ya fito, ya bugi bututu ya dawo kanka, da wuya ka kauce masa, sai ka ga ka girma. Cikin minti ɗaya Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, da mutanensa sun koya maka wasan duka. Mu da muke aji biyu na firamare, ba mu jin Turanci balle Japananci, ba mu taɓa buƙatar mai fassara ba. Wannan ba kewa ba ce, aiki ne aka yi.

Ƙuncin yana da nasa aibin. Na'urar ba ta iya nuna abubuwa masu motsi fiye da takwas a layi ɗaya, shi ya sa in abokan gaba suka yi yawa sai su dinga ƙiftawa, har harsashi ya ɓace maka ya kashe ka.

Maman_Ilham: Amma masu dogon labari da rubutu, irin su Zelda, ba mu taɓa sanin daɗinsu ba. Ka shiga kogo, tsoho ya yi maka magana, ka fito ba ka san me ya ce ba.

Sarkin_Wasa: Duk kun tsaya a Mario. Ina 'yan gidan gem? Winning Eleven a PlayStation na farko! Benci biyu, talabijin mai ƙeya, labule a ƙofa, wanda aka ci ya miƙa hannu. Rubutun duk Japananci, amma mun haddace: sauka uku ka danna, ka shiga canjin 'yan wasa. Mai sharhi yana ihun "shuuto!" mu ma muna taya shi. Kowa ya ɗauki Brazil sai ya kai Roberto Carlos gaba, har sai da aka kafa doka a shagonmu. Najeriya kuwa, ka ba Babangida ƙwallo ta gefe ka danne gudu, ba mai kamo shi.

Zango_Kumasi: Har nan Kumasi an san wannan. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, lokacin yana Ajax. Akwai mutane a duniya da ba su taɓa kallon wasansa ba amma sun san sunansa ta gem ɗin nan. Mu dai haushinmu in an ɗauki Najeriya a kanmu.

Auta_2004: Yaya Sarki, na ga bidiyonsa. 'Yan wasan kamar an sassaƙa su da gatari. Sunayen ma a wasu bugun ba daidai ba, na ga an rubuta Roberto Larcos.

Sarkin_Wasa: Ba su sayi izinin sunayen ba ne. Mu muke zama mu gyara ɗaya bayan ɗaya mu ajiye a memori. Ranar da wani yaro ya goge memorin shago, saura kaɗan a yi gawa.

Bakatsine_77: Maganar Auta tana kan hanya fa. Ni na lura wasannin Sega da Super Nintendo sun fi na PlayStation jure tsufa. Kunna Streets of Rage 2 na 1992 yau, zanen tas, kiɗan Yuzo Koshiro har yanzu yana tashi. Amma koma Resident Evil ko Tomb Raider na 1996, sai ka tsaya ka juya mutum a hankali kafin ya taka, bango yana rawa, ka buɗe ƙofa ka jira lodin. A lokacin sabo ne, mun yafe. Yanzu ba ya yafuwa.

Injiniya_Zariya: Haka ne. Sega da Super Nintendo sun zo a ƙarshen gogewa kan zanen shimfiɗe (2D), PlayStation kuma ita ce farkon koyon mai zurfi (3D). Rawar bangon daga na'urar take, ba ta lissafa zurfi daidai wajen shimfiɗa zane. Ga memori mai gida 15 kacal. Ga idon faifai da ke gajiya a samfurin farko, har mutane su kifa na'urar a kan bayanta kafin ta karanta. Kaset bai san wannan ba.

Dan_Fagge: Kaset kam sai hurawa. Fuu, fuu, ka mayar, ya tashi.

Injiniya_Zariya: Ba hurawar ce ke aiki ba, cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su zauna daidai. Damshin baki tsatsa yake jawowa. Nintendo da kanta ta yi gargaɗi a kai.

Dan_Fagge: Injiniya, waɗanda suka rubuta gargaɗin ba su san ƙurar hunturun Kano ba. Ni dai na hura kuma ya yi.

Alhaji_Tsoho: Ina ta karanta ku ina murmushi. Ni uba ne a lokacin, ba ɗan wasa ba. Abin da na sani, kuɗin cefane ya sha ɓacewa, an sha tsinto yara a gidan gem lokacin Islamiyya. Amma ko ba komai na san inda zan je in kamo su, kuma talabijin ɗaya ce a falo, in lokacin labarai ya yi dole a kashe. Jikokina yanzu kowa da nasa a cikin bargo.

Kawu_Sega: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ku ne kuke ce mana gem yana lalata talabijin.

Alhaji_Tsoho: Mun faɗa, kuma ta yi aiki.

Dan_Damagaram: Injiniya, wata tambaya. Na ga Sonic a intanet, sai na ji kiɗan ya fi wanda na sani sauri. Kunnena ne?

Injiniya_Zariya: Kunnenka lafiya lau. Talabijin ɗin Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu da na Turai sau 50. Yawancin kamfanoni ba su gyara ba, sai wasan ya rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har da kiɗan. Wato Sonic ɗin da muke rantsuwa da gudunsa, mai sanyin muka buga. Ko a 2018 da aka fitar da ƙaramar PlayStation Classic mai wasa 20, an yi ta ƙorafi don wasu daga ciki, har da Tekken 3, bugun 50 ɗin aka saka.

Malama_Hadiza: Wani rauni da ba a ambata ba shi ne samun su. Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Batiran cikin kaset suna mutuwa. Bindigar agwagwar Maman_Ilham ba ta aiki a talabijin na bango, sai mai ƙeya. Na asalin da suka rage kuma sun zama kayan masu kuɗi, a 2021 an sayar da Super Mario Bros. da ba a buɗe ba kan dala miliyan 2.

Bakatsine_77: Miliyan biyu! Namu mai ruwan ɗorawa fa, nawa za su saya?

Auta_2004: Ni dai abin da na fahimta, kowa yana yabon wanda ya buga yana ɗan shekara goma. Nan da shekara ashirin ni ma zan zo in ce babu kamar na zamanina.

Kawu_Sega: In sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, tana nan ba. Ranar da suka kashe ta, naka ya tafi. Nawa yana cikin kwali a ƙarƙashin gado, gobe in na ga dama in kunna.

Sarkin_Wasa: Kawu, kai da sunan Sega a goshi, har yanzu ba ka ambaci Mortal Kombat ba? A, B, A, C, A, B, B, jini ya fito. Masu Super Nintendo gumi aka ba su a na farkon. Rigimar jinin nan ta kai har Majalisar Dattawan Amurka a 1993, daga nan aka fara rubuta shekarun mai wasa a jikin kwali.

Dan_Fagge: Amma a Street Fighter II masu Nintendo sun rama. Hannun Sega mai maɓalli uku sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa shuri. Ana cikin faɗa!

Kawu_Sega: Wanda bai sayi mai maɓalli shida ba shi ya so. Dan_Fagge, in ka isa ka zo Asabar, ka zaɓi Ken ɗinka, a hannun mai ukun ma zan yi maka.

Maman_Ilham: In za a yi, a ajiye min hannu na ɗaya. Na gaji da zama Luigi.

Zango_Kumasi: Wai cikinku akwai wanda ya taɓa wuce igiyar birai a Circus ba tare da ya mutu ba? Ni shuɗin birin nan mai tsallake 'yan uwansa ne ya hana ni sakat.